Bikili da Biskilita

Asabar, 2 ga Rajab 1384 (Nuwambar 1964)

Ƙugun nan ya sake riƙewa. Buhun albasa ɗaya na ɗaga a halaka, kasuwar kayan lambunmu ta Jarwal nan Makka, sai na ji kamar an soka mini basilla a baya. 'Yan dako suka ƙarasa lodin. Na hau karo, amalanken dokina, ina cizon leɓe, Bikili ya ja mu har gida ban taɓa linzami ba. Dokin nan ya fi wasu masu gemu hankali.

Matata Yalwa ta gasa mini da ruwan zafi tana mita, wai tsufa ba a yi masa gardama. Na ce ba tsufa ba ne, albasar bana ce ta yi nauyi.

Da Mukhtaru yana kan karon nan, da duk wannan bai taso ba. Ɗa ɗaya Allah ya bar mana, ƙato, ƙirji kamar ƙyauren zaure, amma yana can yana yawo kan tayoyi biyu da faifan gurasa a ka. Tun da mutumin Bukharan nan mai gidan gurasa ya ɗauke shi rabon tamis, irin gurasarsu, a gidajen gahawa, ya tara ya sayi keke. Biskilita, in ji shi. Ko sunan ma sai ka yi kamar za ka tofar da wani abu.

Litinin, 4 ga Rajab

Na yi masa magana bayan mun ci abinci. Na ce ka ga dai yadda nake, karo yana son mai ƙarfi. Ya sunkuyar da kai yana wasa da gefen tabarma.

"Abuya, karo halas, zamaninsa ya ƙare. Dubi motoci. Gobe-jibi askarawa za su hana doki shiga gari." Sannan wai zai nemo mini wanda zai riƙa taya ni lodi.

Wanda zai taya ni! Kamar ɗan dako na ce na rasa.

A kan karon nan yaron nan ya buɗe baki. Da muka hayo daga Sudan yana ɗan mitsitsi, gefena yake zama, ƙafafunsa ba su kai katako ba, yana damuna da tambaya. Baba, mene ne wannan da Hausa? Baba, wancan fa? Yanzu in na miƙa masa Hausa sai ya mayar mini da Larabci, kamar mai ba da canji. Ban san ranar da na tashi daga Baba na koma Abuya ba.

Laraba, 6 ga Rajab

Kyan ɗa ya gaji ubansa. Nawa maƙeri ya gada, ba ya son komai sai ƙarfe.

Juma'a, 8 ga Rajab

Na ɗebo da zafi.

Bayan an sauko daga masallaci mun zauna a gahawar Maman, mutumin Damagaram, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in yana barci. Ya zuba mini shayi ya ce, "Malam Wada, ka ji abin da yara ke faɗi? Wai Bikili da biskilita 'yan ɗaki ɗaya ne, ga suna nan iri ɗaya." Aka kwashe da dariya. Wani ya ce ai kafin dokina ya gama hamma, keke ya je Tan'im ya dawo. Ni kuma na hau. Na ce abin da ba ya ci ba ya sha, ba ya gane muryar mai shi, a haɗa shi da doki? Na faɗi abin da Bikili ya yi shekarar ambaliya, na ƙara da wanda bai yi ba.

Muna cikin haka sai ga Mukhtaru ya kawo tamis. Na tsayar da shi gaban jama'a. Na ce daga bakin halaka zuwa Tan'im, inda masu umara ke zuwa ɗaukar niyya, ni a karo kai a ƙarfenka. In ka riga ni, na rufe bakina har in mutu. In na riga ka, ka sayar da shi ka dawo ka karɓi linzami.

Ya ce, "Aib, ya Abuya. Ɗa ya yi tsere da ubansa?"

Na ce tsoro ne.

Na ga lokacin da maganar ta shige shi. Ya ajiye faifan a hankali ya ce, "Tayyib." Maman ya ce ba za a sa ko sisi ba, kada a mai da abin caca a garin Allah. Alhamis mai zuwa bayan la'asar. Shi zai riga mu zuwa can ya zama alƙali.

Asabar, 9 ga Rajab

Labari ya riga ni zuwa gida. Yalwa ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Tana tankaɗe ta ce, "Malam, in ka ci, wa ka ci? In ya ci, wa ya ci?" Na ce maganar maza ce. Ta ce to Allah ya ba mazan lafiyar ƙugu.

Talata, 12 ga Rajab

Na ƙara wa Bikili sha'ir, na sayo masa ɗanyar ciyawar barsim, har dabino na ba shi daga na bakina. Na shafa wa ƙafafun karo mai. Na rage masa aiki kwana biyun nan, 'yan halaka suna ta tsiya wai ango na kiwo.

Da rana Mukhtaru yana barci, keken yana jingine a soro. Na tsaya na dube shi da kyau, karon farko. Ba laifi, an yi aiki. Wai mazauninsa ma sirdi suke ce masa, rashin kunyar har ta kai nan. Na ɗaga shi da hannu ɗaya, ba nauyi ko kaɗan. Wannan ne ya tsorata ni.

Tsoro nake ji, tunda takarda ba ta kai gulma gahawa. Ba dariyar su Maman ba, wannan na saba. In ya ci, shi ke nan, ba ni da sauran abin da zan kira shi da shi. Zai riƙa wucewa yana ɗaga mini hannu kamar maƙwabci.

Alhamis, 14 ga Rajab

Na ci.

Yau hannuna ba ya son alƙalami.

Juma'a, 15 ga Rajab

Bari in rubuta yadda aka yi, ko na samu ya sauka daga ƙirjina.

Mutane sun taru fiye da yadda na so, Takaru 'yan ƙasarmu da Larabawa har da Yamanawan halaka. Aka buga gwangwani muka tashi. Cikin lungu ya tsere mini, yana ratsa mutane kamar kifi, ni ina ta "hanya, hanya." Amma da muka fita fili Bikili ya buɗe. Wallahi na manta yana da wannan gudun, na manta da ƙugu. Farar rigar yaron tana gabana, tana ƙara girma, har na fara jin kukan kacarsa. Sai hanya ta yi gangara wajen Zahir, ya duƙa, ya ɓace mini a kwana.

Da na sha kwanar, keken na fara gani, yashe a bakin hanya, tayar baya tana juyawa ita kaɗai. Na ce mota ta buge shi. Sannan na ga makara.

Gawa ce za a kai Masallacin Harami a yi mata salla. Mutum uku kaɗai, irin namu, masu tsummokara. Biyu a gaba, da wani tsoho da ya tallafo baya shi kaɗai, har makarar ta karkace. Wurin ba kanti ba gida, babu mai karɓar wani. Mukhtaru ya riga ya shiga ya sa kafaɗa kusa da tsohon, sun juyo suna tahowa gari.

Nan Makka ba a wuce gawa. Mai kanti ya bar kantinsa, mai kaya ya sauke, kowa ya sa kafaɗa ko da taku kaɗan ne, wani ya karɓe shi. Ni na koya wa yaron nan haka, a kan karon nan, har da dundu ranar da ya yi nawar sauka. Bikili ma ya sani. Bai taɓa wuce makara ba, don ban taɓa bari ba. Da ya hango ta sai ya rage gudu da kansa, ya fara gangarawa gefe yadda ya saba.

Na ɗaga bulala na zuba masa.

Shekarun nan duka bulalar ado ce, ƙuda nake kora masa da ita. Ya zabura. Muka wuce su, ƙurarmu ta rufe likkafanin. Mun haɗa ido da Mukhtaru. Bakinsa yana ta la'ilaha illallahu, bai daina ba.

A Tan'im Maman ya ɗaga hannuna, aka yi ta ihu. Aka jira keke, shiru. Aka ce ƙila taya ta fashe. Na bar su a kan haka. A hanyar dawowa na tarar da keken nan inda aka yar, na ce a ɗora mini shi a karo kada ɓarawo ya ɗauke. Haka muka shiga Jarwal, keke a kwance bayan doki, yara suna bin mu, manya suna tafi, wai Wada ya kamo dokin Iblis ya ɗauro. Na yi dariya tare da su. Har hannu na ɗaga.

Sai bayan isha'i ya shigo, ƙafa duk ƙura har gwiwa. Ya durƙusa ya ce, "Mabruk, Abuya." Yau a gahawa Maman ya tambaye shi me ya faru, ya ce ya tsaya a hanya ne. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Lahadi, 17 ga Rajab

Mukhtaru ya je ya yi sallama da mutumin Bukhara, ya ajiye aiki. Da asuba na fito na tarar ya riga ya ɗaura doki, bai yi kuskuren maɗauri ko ɗaya ba. Ashe bai manta ba.

Abin da na roƙa ke nan. Alhamdu lillahi.

Laraba, 20 ga Rajab

Buhu biyu yake ɗauka a lokaci ɗaya. Sahun da nake yi zuwa azahar shi ya gama kafin hantsi ya yi zafi. 'Yan halaka suna ta sa mini albarka, wai na yi dace, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni ina zaune gefensa kamar kayan da aka manta ba a sauke ba.

Ba ya magana. Ba fushi ba, da fushi ne da na san maganinsa. In na ce dama ya yi dama, in na ce tsaya ya tsaya. "Na'am, Abuya. Tayyib, Abuya." Na gwada ba shi labarin yadda muka ƙetare Chadi da ƙafa, wanda da can ba ya gajiya da ji. Ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, kamar huɗuba.

Shatar bulalar tana nan a cinyar Bikili. Na ga yana shafa mata man zaitun, da na matso sai ya koma gyaran linzami.

Asabar, 23 ga Rajab

Yalwa ta je unguwar Tandabawi gaisuwar rasuwa wajen su Hadijatu, ta dawo ba ta cire mayafi ba ta tsaya a kaina.

Wai mata suna ta sa mata albarka, ita ba ta san dalili ba. Ashe gawar ran nan wata tsohuwa ce 'yar ƙasar Gobir, mai sayar da gyaɗa, ba ɗa ba jika, a wata bukka ta rasu can bayan Zahir. Wai wani saurayi ya yar da kekensa ya ɗauke ta har Harami, daga nan har maƙabartar Ma'ala, bai bari an karɓe shi ba sai da aka shiga gari. Ɗaya daga cikin masu ɗaukar ya gane shi, ɗan Wada mai karo.

Ta ce, "Malam, ranar Alhamis ɗin nan, ta wace hanya ka bi zuwa Tan'im?"

Na ce hanya nawa ce da ma?

Ta ce, "Shi ne nake tambaya."

Na tashi da faɗa. Na ce an mai da ni yaro a gidana, na ce tuwon jiya ma da gudaji, na harba buta. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, na sani, ina yi ina sani. Ta ɗauki butar ta ajiye inda take, ta shige ɗaki.

Litinin, 25 ga Rajab

Mukhtaru ya kawo mai sayen keke, wani Balarabe Bahadrame mai ƙaramin kai. Ya ɗaga, ya jijjiga, ya matsa taya, ya fara kushe: wai birki ya ci, wai sirdi ya tsufa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce birkin lafiyarsa lau, ni shaida ne, na ga inda ya tsaya cak yana tsakiyar gudu a gangara. In kushe ka zo yi, ga ƙofa.

Mutumin ya fita yana waiwaye. Mukhtaru ya dube ni. Na ce fuskar mutumin ce ba ta yi mini ba, a nemo wani.

Laraba, 27 ga Rajab

Unguwa duk azumi ake yau, ni ma na ɗauka. Ban ji ya rage komai ba.

Alhamis, 28 ga Rajab

Ni da Mukhtaru mun kai tumatir unguwar Misfala, muna dawowa ba kaya. Na daɗe ina juya maganar a baki. Da muka zo inda ba mutane na ce masa daga gobe ya sauka daga karona. Na ce hannunsa ya yi wa bakin doki nauyi, zai lalata mini shi. Ƙarya ce, hannunsa ya fi nawa laushi.

Ya ce alkawari ya ɗauka gaban mutane. Na ce ni aka yi wa alkawarin, na yafe.

Muka wuce masu gawayi. Sannan ya yi magana, da Hausa tsantsa, yana tsinto kalmomin ɗaya-ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

"Baba, in don ran nan ne, ka bar damuwa. Ai na gani. Ka ja linzami, doki ne ya ƙi tsayawa. Ya yi zafi, ba ya ji."

Ya san ba haka aka yi ba. Idonsa yana kaina lokacin da na ɗaga hannu. Ƙofa ya buɗe mini in fita da rawanina a kai, ba abin da zan yi sai in ce haka ne. Kuma na so in ce. Amma ga Bikili a gabanmu yana tafe, kunnuwansa suna juyowa baya, ga shatar nan ba ta gama warkewa ba.

Na ce kada ka yi wa dabba ƙazafi. Doki ya tsaya. Ni ne ban tsaya ba.

Ban san muryata za ta yi haka ba. Na juya ina kallon duwatsu. Shi ma bai dube ni ba, Allah ya yi masa albarka, ya bar ni da duwatsuna har muka iso gida.

Asabar, 30 ga Rajab

Na faɗa wa Maman a gahawa, da ƙarfi yadda na bayan ma za su ji, cewa tseren nan babu shi, ga dalili. Wani ya fara "ai Malam, shaiɗan ne," na ce shaiɗan ba ya riƙe da bulala. Maman, wanda bai taɓa rasa abin faɗa ba, ya zuba mini shayi ya ture kuɗina.

Mutumin Bukhara ya riga ya ba wani rabon safe, mai tsoka. Na yamma ya rage, shi Mukhtaru ya karɓa. Wannan asarar ni na ja masa.

Ba wai na canja ra'ayi a kan keke ba. Abin da ba ya gane mai shi ba abin hawa ba ne.

Talata, 3 ga Sha'aban

Na ɗaura doki da kaina, ƙugu yana ta ƙara kamar tsohon ƙyaure. Wani ɗan Yaman ya taya ni lodi, rabin buhu ya zubar.

Na fito daga halaka na kama hanyar Misfala, sai na ji karo ya ɗan yi nauyi ta hagu. Na waiwaya. Mukhtaru ne a kan ƙarfensa, ya kama gefen karo da hannu ɗaya, ya ɗage ƙafafu, Bikili yana jan mu duka. Wai ba shi da aiki sai la'asar, kuma wai ya manta, daga Fort Lamy wane gari muka fara sauka?

Na ce ya saki, yana ƙara wa doki nauyi. Bai saki ba. Ni ma ban ƙara faɗa ba, don garin yana da wuyar suna, sai da na maimaita masa.